Ramukan Katangar Mpape

Samaru, Zariya
24 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mubarak da 'yar lelena Nabilah. Mu nan lafiya lau, in ban da kunnen nan nawa da ya daina shiri da waya. Shi ya sa na koma biro da takarda, direban Abuja zai ajiye miki a tashar Jabi. Innarki Bilkisu tana gaishe ki.

Mahaifiyarki ta zo biki makon jiya, ta ja ni gefe, ta ce wai kin ajiye aikin gwamnati kin zama 'yar kwangila. Ta ce, "Yaya Sale, kai ne injiniyan dangi, ka yi mata magana." Na tambaye ta ainihin abin da kika gaya mata, ta ce kin buɗe ofis a Apo kina ba da shawara. Na yi dariya har sai da ta ji haushi.

Ba ita kaɗai take wannan ruɗani ba. Yawancin mutanenmu ba su bambanta ɗan kwangila da injiniya mai ba da shawara. A wurinsu duk wanda ya sa hular kwano ya tsaya kusa da buhun siminti, to magini ne. Wasu kuma sun ɗauka aikinmu bai wuce buga hatimi a kan zanen da wani ya yi ba. Na zaunar da ita na ce mata ɗan kwangila yana gina abin da aka zana masa, ke kuwa ke ce idon mai ginin. Ke za ki duba ƙasa, ki yi lissafi, ki zana, sannan ki tsaya ki ga an bi zanen. In kin ce abu zai tsaya, mutane za su kwantar da 'ya'yansu a ƙarƙashinsa saboda maganarki. Ta ce to ai wannan ya fi kwangilar ban tsoro. Na ce ta yi gaskiya.

Ni dai murna nake yi. Lokacin da na bar ma'aikatar ruwa na kama ɗaki ɗaya a Sabon Gari, wata huɗu cur ina zuwa in share tebur in zauna. Mutum na farko da ya leƙo, tambaya ya yi ko muna buga katin biki. Don haka in kin ga shiru, kada ki ɗauka kin yi kuskure. Ki riƙe abokan aikinki na da, ki riƙa leƙa su, don aikin farko daga bakin wanda ya san hannunki yake fitowa. Kowane aiki ki buɗe masa littafinsa, duk ranar da kika je wurin gini ki rubuta abin da kika gani. Abin da ba fanninki ba kuma, kamar wayoyin lantarki, ki ce ba ki sani ba, ki kira wanda ya sani. Ban taɓa rasa aiki saboda faɗin haka ba.

Ki rubuto mini da zarar kin sami na farko. Ina ɗokin ji.

Kawunki,
Sale

Apo, Abuja
4 ga Mayu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Bilkisu. Ka yafe mini jinkirin amsa. Nabilah ta yi zazzaɓi amma ta warke, har ta koma makaranta.

Ni ban kai wata huɗu ba. Ofishina yana saman shagon wani mai gyaran giyar mota, duk yini bugun ƙarfe nake ji, amma a mako na uku aiki ya zo. Ka san Alhaji Ɗangoggo na Katsina, aminin marigayi Baba, mai shagon atamfa a kasuwar Wuse. Ya sayi fili a Mpape, a kan gangare, zai gina gidajen haya. Sai an yanke tudun an cike gefe ɗaya kafin wurin ya daidaita, don haka na zana masa katangar tare ƙasa, tsayinta mita huɗu, ta kankare da rodi. A ƙasanta akwai 'yar hanyar ƙafa da ɗakuna shida, ciki har da na wata Madam Angela mai sayar da abinci.

Birkilan da ke jagorantar aikin, Zacharias, mutumin kirki ne kuma ya iya aiki. Na tsaya a kan kowane rodi kafin a zuba kankare. A bayan katangar na sa an zuba tsakuwa, a gindinta kuma na bar ramuka goma sha takwas da guntayen fayif, don ruwan da ya jiƙa ƙasar ya sami mafita.

Ga abin da ya dame ni. Ranar Talata na je na tarar an toshe ramukan duka da siminti, an shafe wurin sumul. Zacharias ya ɗaga hannu sama ya ce, "Oga madam, ba ni ba ne, Alhaji ne ya ce a rufe." Ashe ruwan farko da aka yi, ramukan sun zubo ruwa a kan hanyar, ya kwarara har ƙofar Madam Angela, ta je ta yi wa Alhaji kuka. Shi kuma ya ce ba zai fara zama a unguwa da cutar da maƙwabci ba.

Na same shi a shago na yi masa bayani a hankali, cewa in ruwa ya taru a bayan katanga ba mafita, nauyin da take ɗauka yana iya ninkawa. Ya saurare ni da murmushi, ya ce, "To 'yata, an ji, Allah ya yi albarka." Ya sa aka kawo mini lemo. Yau kwana huɗu, ramukan suna nan a toshe, ga damina ta kankama, ga masu fasa dutse suna girgiza tudun kullum da rana.

Me ka gani?

'Yarka,
Juwairiyya

Samaru, Zariya
9 ga Mayu

'Yata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da Nabilah ta sami sauƙi. Mu ma lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, farkonta ya faranta mini rai ƙwarai. Zanenki daidai ne, tsakuwa da ramuka, haka ni ma zan yi.

Amma sauran ba abin jira ba ne. Na san Alhaji Ɗangoggo tun muna samari. Mutum ne mai tausayi, kuma a idonsa har gobe ke jaririyar da ya ɗauka ce ranar suna. Ya saurare ki kamar yadda ake sauraren yaro ya kawo hadda: an ji daɗi, an sa albarka, an ci gaba da harka. Bai ƙi maganarki ba, bai dai ɗauke ta maganar injiniya ba.

Ki rubuta masa. Takarda mai ɗauke da sunan ofishinki, da kwanan wata, da hatiminki. Ki faɗi abin da aka canza, da abin da zai iya faruwa, da ranar da ya zama dole a gyara. Ki faɗa masa kuma cewa in ba a gyara ba za ki janye daga aikin, ki sanar da hukumar da ke kula da gine-gine, saboda akwai mutane a ƙasan katangar. Ya sa hannu a kwafi ɗaya ki riƙe.

Na san abin da kike ji a ranki yanzu. Duk da haka ki rubuta, cikin makon nan.

Kawunki,
Sale

Apo, Abuja
13 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiya.

Na karanta, amma Kawu, anya ka tuna wane ne Alhaji a wurinmu? Shi ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Shi ya tsaya a kan jana'izar Baba. Shi ya karɓi sadakina. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Yanzu in buga masa takarda da hatimi, in ba shi wa'adi kamar ɗan hayar da ake son kora? Har da ambaton hukuma? Kafin takardar ta kwana, labari ya isa Katsina cewa 'yar marigayi ta yi boko ta kai ƙarar uban gidansu. Mama ba za ta iya shiga mutane ba.

A ma'aikata in na rubuta irin wannan, darakta ne yake sa hannu, ni ba a ma san da ni ba. Yanzu sunana ne a sama, sunana ne a ƙasa. Kai namiji ne, kuma a zamaninku injiniya ɗaya ne a gari, in ya yi magana sai a tashi tsaye. Ba na jin ka taɓa shiga irin wannan.

Zan sake samunsa da baki. In kuma ka ga lallai sai takardar, to ka rubuto mini kalmomin da zan yi amfani da su, waɗanda ba za su yi masa zafi ba. Ni na zauna sau uku, na kasa wuce sallama.

Juwairiyya

Apo, Abuja
27 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, da Inna Bilkisu da kowa. Mu lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Mako biyu ke nan ba amsa. Na je tashar Jabi sau biyu, direban ya ce ya miƙa wasiƙata a gida amma ba a ba shi komai ba. Na ɗauki waya in kira Inna, na ajiye, don ban san da wace fuska zan tambaya ba. Na san na yi maka rashin kunya da na ce ba ka taɓa shiga irin wannan ba. Wa ya san abin da ka shiga a shekara talatin na aiki? Don Allah ka yi haƙuri. In fushi kake, ka yi mini faɗa a takarda, ya fi mini wannan shirun.

Na koma wurin Alhaji sau biyu. Na farko ya ce sai ya dawo daga Kano. Na biyu ya tambaye ni ko Mubarak yana kula da ni yadda ya kamata, ya ba ni turmin atamfa in kai wa Mama.

Jiya an yini ana ruwa. Yau da safe na je Mpape. Gindin katangar ya yi duhu da danshi, kuma na ga tsaga siririya kamar zare, daga tsakiya ta gangaro. Na auna, na ɗauki hoto, na rubuta a littafin aikin. Ina cikin rubutu sai na ɗaga kai na ga tukunyar Madam Angela a kan murhu, taku biyar daga katangar, mutane uku suna zaune a benci suna cin shinkafa.

Kawu, ka ce wani abu.

'Yarka,
Juwairiyya

Apo, Abuja
2 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya kake. Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, dole in ba ka labarin nan, don ba wanda zai gane shi kamarka.

Ranar da na aiko maka waccan wasiƙar, ban koma gida ba sai da na rubuta takardar. Ba ta kai shafi ɗaya ba. Na rubuta da Turanci saboda fayil, na sake rubutawa da Hausa saboda shi. Na ba da wa'adin kwana uku. Na saka maganar janyewa da ta hukuma. Abu ɗaya na ƙara wanda da ma ya kamata in yi tunaninsa tun farko: zanen 'yar kwata a gindin katangar, wadda za ta kwashe ruwan ramukan ta kai shi babban magudanar titi, ba tare da ya taɓa ƙofar kowa ba. Kukan Madam Angela gaskiya ne, ni ce ban duba inda ruwan zai bi ba.

Ban aika kowa da ita ba. Washegari na sa hijabi na tafi Wuse da kaina. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, na jira masu ciniki suka ragu, na ce, "Baba, na zo da takarda, ina so in karanta maka da bakina." Na karanta tun daga sama har ƙasa ban ɗago ba.

Da na gama, sai ya dube ni. Ya ce, "Juwairiyya, ni kika rubuta wa wannan?" Ka san bai taɓa kiran sunana ba, kullum 'yata. Na ce, "Kai ne, Baba." Ya ce, "Da hukuma a ciki. Da mahaifinki yana raye, zai bari?" Na ce, "Baba, da yana raye, shi zai rako ni. Ba na so a wayi gari ana cewa katangarka ce ta faɗa wa mutane. Abu ɗaya nake roƙo, ka zo mu je a buɗe rami ɗaya a gabanka. In ba abin da ya fito, zan yaga takardar nan in ba ka haƙuri a gaban duk wanda ka zaɓa."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗauki makullin mota. Muka nufi Mpape.

Muka gangara ta hanyar ƙafa, shi da farar shaddarsa. Na sa aka matsar da benci da murhu, na roƙi mutanen ɗakunan su fito su tsaya nesa. Na nuna wa Zacharias ramin ƙarshe, wanda ya fi nisa da tsagar. Ya ɗauki guduma da guntun rodi, ya dubi Alhaji ya ce da 'yar Hausarsa, "Alhaji, ki matsa baya kaɗan." Alhaji ya ce, "Yi aikinka, ɗan rami ne." Bugu na huɗu simintin ya fita kamar an harbo shi, jan ruwa ya biyo baya da ƙarfi, ya yi tsalle ya tsallake hanyar, ya wanke Alhaji daga gwiwa zuwa takalmi.

Ba wanda ya yi dariya. Muka tsaya muna kallo, minti biyar, minti goma, ruwan bai rage ƙarfi ba. Madam Angela ta dafe kai ta ce, "Yesu! Wannan duka yana bayan ɗakina ina barci?" Ta juya wajen Alhaji ta ce, "Alhaji, ni na ce ruwa yana damuna, ban ce ka ajiye mini shi a sama ba."

Alhaji ya dubi katangar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ce, "Zakariya, ramukan nawa ne?" Ya ce, "Sha takwas, Alhaji." Ya ce, "To me kake jira?" Na yi sauri na ce ba duka lokaci ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai an haƙa wa ruwan hanya tukuna. Alhaji ya ce, "Ka ji abin da Injiniya ta ce."

A kan murfin motarsa ya sa hannu, shaddar tana ɗiga. Ya miƙo mini biron ya ce, "Taurin kan nan ba na mahaifinki ba ne, na gidan su Sale ne." Da zai shiga mota kuma ya ce nan gaba duk abin da na gani in rubuto masa, don shi maganar baki a kasuwa yake barin ta.

Yau duk ramukan a buɗe suke, an fara kwatar. Na sa alama a kan tsagar ina aunawa kullum, kwana huɗu ba ta ƙaru ba. Na kira wani tsohon abokin aikina da ya fi ni sanin gyaran kankare, zai zo ranar Laraba mu duba tare kafin in ce ta gama lafiya. Jiya Mama ta kira, na ɗauka faɗa za ta yi mini, ashe Alhaji ne ya buga mata ya ce 'yarta ta yi masa wanka a bainar jama'a. Dariya take yi har tana tari.

Saura kai, Kawu. Ka yafe mini.

'Yarka,
Juwairiyya

Samaru, Zariya
8 ga Yuni

'Yata, Injiniya Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, kuma yau ina ganin rubutuna tsaf, abin da na shekara biyu ban samu ba. Fushin me? Aikin ido aka yi mini, aka cire yana, kwana biyu bayan na aiko miki wasiƙata. Likita ya hana ni karatu, ni kuma na hana Innarki gaya wa kowa, don na san dangi, da sun cika gidan da kwanukan abinci. Ita kuwa ta bi umarnin likita fiye da kima, ta tara wasiƙunki uku a cikin kwabet ba ta ko ambata mini ba. Jiya aka ba ni izini, ta zube mini su gaba ɗaya.

Na karanta su a jere. A ta farko na yi murmushi. A ta biyu, da na zo wurin tsagar da mutanen da ke cin shinkafa, na miƙe tsaye ina neman hulata, ina cewa a kira mini direba. Innarki ta ce, "Malam, zauna ka karanta ta ukun mana, ai ita ta fi kauri." Da na kai ƙarshenta sai da na yi sujada. Allah ya tsare, ya kuma yi miki albarka.

Ba abin da zan yafe, don rabin maganarki gaskiya ce. Ban taɓa zama mace a gaban mutumin da ya yi mini huɗuba ba. Amma kunyar na san ta. Akwai wata rumfar makaranta da na ga an rage mata rodi, na faɗa wa surukina, wanda shi ne ɗan kwangilar, da baki, na kasa rubutawa. Iska ta kwashe ta ranar Asabar, ba yara a ciki. Har yau ban daina tuna ta ba.

Kuma da na ga wasiƙarki a kan lokaci, da na aiko miki da kalmomina, da sun ɓata miki aiki. Ni takarda kawai na ce ki rubuta. Zuwa da kanki, da karantawa da Hausa, da kwatar Madam Angela, da buɗe rami a gabansa, duk ba su zo mini a rai ba. Ki ci gaba da auna tsagar har damina ta wuce, kuma abin da abokin aikinki ya ce ranar Laraba ki sa shi ma ya rubuta.

Yanzu ga wata magana. Wani Malam Musaddiq, shugaban ƙungiyar manoma a wani ƙauye bayan Kwali, ya aiko mini tun kafin aikin idon. Suna da rafi da yake raba su da titi, in damina ta yi nisa doya da tukwanen matansu ba sa fita kasuwa. Sun haɗa kai za su yi 'yar gada, suna neman wanda zai duba musu kafin su taɓa ƙasa. Ni tafiyar ta fi ƙarfina yanzu. Na ba su sunanki, lambarsa tana bayan takardar nan.

Ba su san mahaifinki ba, ba wanda ya je sunanki a cikinsu, ni ma sau ɗaya muka haɗu. Ban gaya musu komai a kanki ba sai cewa ke injiniya ce. Ki je washegarin ruwan sama, ki ga rafin a cike, ki tambayi tsofaffin garin inda ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi hauka. Kada ki tambaye ni yadda za ki yi. Ki sa takalmin roba ki je ki gwada, in kin gama sai ki ba ni labari.

Kawunki,
Sale